KABON MAI HANNU HUƊU: DARASI DAGA GONAR CITTA

Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa tamu, tun daga Fadan Kaje da Zonkwa har Kafanchan da Kwoi da Kaciya, ya san abu uku game da citta ba tare da wani ya koya masa a aji ba. Ya san ɗanyar citta tana da yaji. Ya san wadda aka tsaga aka shanya ta bushe ta fi ɗanyar zafi a baki. Ya kuma san in aka daɗe ana dafa ta cikin miya sai yajin ya kwanta, wani ƙamshi mai daɗi ya taso. Amma in ka tambayi dalili, sai a ce maka ai haka citta ta ke.

Amsar wannan tambaya tana cikin wani fanni na kimiyya wanda ɗalibanmu da yawa su ke jin tsoronsa, watau ilmin sinadaran kabon, wanda Turawa su ke kira kemistirin oganik. Na ga ya kamata in shimfiɗa muku tushensa a nan da Hausa, domin gobe ku ne za ku tsaya a gaban yara, kuma akwai abin da ke cikinsa wanda saninsa ya kan ceci rai. Maganar duka ɗaya ce. Kayan ginin kaɗan ne, amma yawansu da yadda aka jera su shi ne ke raba yaji da ƙamshi, ya raba abinci da guba.

MENE NE KABON?

Masana sun san sinadaran asali 118, waɗanda daga gare su aka gina duk abin da mu ke gani. Ɗan mitsitsin yankin kowane ɗaya daga cikinsu shi a ke kira ƙwayar zarra, a nan kuwa zan riƙa cewa ƙwaya kawai. In ƙwayoyi biyu ko fiye suka kama juna suka zama abu guda, sai mu kira su gungu. Huɗu daga cikin sinadaran nan su ne za su ishe mu yau: kabon, da haidirojin, da oksijin, da naitirojin. Alamunsu a rubuce su ne C, da H, da O, da N.

Kabon ba baƙo ba ne. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi, shi ne kunkunniyar da ke baƙanta gilashin fitila, shi ne baƙin da ke cikin fensir. Kwal ɗin da aka gano a Udi kusa da Inugu a 1909, wanda jiragen ƙasa masu tururi su ke ƙonawa a zamanin da su ke tsayawa Kafanchan su sha ruwa, yawancinsa kabon ne. Har dutsen daimon mai tsada kabon ne zalla, kamar yadda wani Baturen Ingila, Smithson Tennant, ya tabbatar a 1797 da ya ƙona shi. Jikin mutum ma kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsa kabon ne, watau mai nauyin kilo 60 yana yawo da wajen kilo 11.

Daga ina ya shiga jikinmu? Daga iska. Ganyen dawa ko na citta ya kan ja iskar nan mai kabon ɗaya da oksijin biyu, CO2, saiwa kuma ta jawo ruwa, sa'an nan da ƙarfin hasken rana ganyen ya haɗa su su zama sukari. Daga sukarin nan tsiro ya ke gina sauran jikinsa, mu kuma mu ci tsiron, ko mu ci dabbar da ta ci shi.

YADDA ILMIN YA FARO

A farkon ƙarni na 19 masana da yawa a Turai sun ɗauka cewa abubuwa irin su sukari da kitse da barasa, sai a jikin mai rai kaɗai a ke iya yin su, ba a ɗakin gwaji ba. Shi ya sa suka kira su oganik, watau na jikin mai rai. Sai a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya ɗumama wani irin gishiri na ɗakin gwaji, ya ga ya juye ya zama yuriya, sinadarin nan da ke fita cikin fitsari. Abin mamaki, gishirin da yuriyar ƙwayoyinsu iri ɗaya ne, yawansu ɗaya: kabon 1, haidirojin 4, naitirojin 2, oksijin 1. Wurin zama kaɗai suka sauya. Wannan yuriya ita ce farin takin nan da mu ke zuba wa masara a yau, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, kuma a masana'anta a ke yin sa. Sannu a hankali tsohon zato ya mutu, sunan oganik ya saura, amma yanzu ma'anarsa ita ce sinadaran da aka gina a kan kabon, ko daga gona suka fito ko daga masana'anta.

HANNU HUƊU

Ga ƙa'idar da in kun riƙe ta kun riƙe rabin fannin. Kowace ƙwaya tana da yawan hannuwan da ta ke kama wata da su, kuma ba ta barin hannu a sake. Haidirojin hannunsa 1, oksijin 2, naitirojin 3, kabon 4. August Kekulé na Jamus da Archibald Couper na Sikotland, kowa a gefensa, suka bayyana a 1858 cewa kabon yana iya kama ɗan'uwansa kabon, wannan ya kama wancan, har su yi doguwar sarƙa. Ba wani sinadari da ya kai shi iya wannan, shi ya sa sinadaran kabon da aka sani suka kai miliyoyi.

Mu fara da mafi ƙanƙanta. Kabon ɗaya ya kama haidirojin huɗu, CH4, sunansa metan. Shi ne kumfar da ke ɓulɓulowa in ka taka taɓon fadama, shi ne kuma saniya ta ke gyatsawa. In kabon biyu suka kama juna, kowa ya ba da hannu ɗaya, saura uku uku, sai mu sami C2H6. Haka za a yi ta tafiya. Kowane kabon na tsakiyar layi yana riƙe da maƙwabta biyu da haidirojin biyu, na bakin layi kuwa kowannensu yana da rarar hannu ɗaya. Don haka lissafin ba wuya: ka ninka yawan kabon sau biyu, ka ƙara biyu, ka sami yawan haidirojin.

To, tsawon sarƙa shi ke nuna halin abu. Gajeren gungu ba shi da nauyi, ba ya kuma manne wa 'yan'uwansa sosai, sai ya tashi ya zama iska. Dogon gungu ya kan sarƙe da na kusa da shi, sai ya yi kauri. Ku dubi wannan jeri. Ma'aunin zafin da na ke nufi shi ne wanda ruwa ke daskarewa a 0 ya tafasa a 100.

Kabon 1: metan, iska ce, sai an sanyaya ta digiri 162 ƙasa da 0 ta ke zama ruwa.
Kabon 3 da 4: furofan da butan, su ne gas ɗin girki da a ke matsewa cikin tukunya.
Kabon kamar 5 zuwa 10: fetur.
Kabon kamar 10 zuwa 16: kananzir.
Kabon kamar 14 zuwa 20: man dizal.
Kabon 20 zuwa sama: kakin kyandir, can ƙarshe kuma kwalta.

Ɗanyen man da a ke haƙowa gauraye ne na waɗannan duka. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, don rarrabe su aka gina ta: a dafa ɗanyen mai, gajeru su riga tashi, dogaye su biyo baya, a tari kowane a nasa mataki.

A nan akwai abin da na ke so kowane malami ya gaya wa yaransa. Kananzir na ƙwarai ba ya fid da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa, saboda gajartar sarƙarsa, yana fid da irin wannan tururi ko da cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. In mai son riba ya gauraya kananzir da fetur, ido ba zai gane ba, amma tururin zai taru a cikin tankin fitila ko na risho, da an kyasta ashana sai fashewa. Saboda haka kananzir mai warin fetur ba na shiga gida ba ne, kuma ba a zuba wa fitila mai tana ci.

GARI, RIGA, GIRA

Ku ɗauki baƙaƙe da wasulan nan huɗu: g, a, r, i. Da su za ku rubuta gari, da riga, da gira. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba, amma ba wanda zai sa gari a wuya ya tafi kasuwa. Haka ƙwayoyi su ke. Kabon huɗu da haidirojin goma suna iya tsayawa a miƙaƙƙen layi, suna kuma iya yin uku a layi ɗaya ya yi reshe daga tsakiya. Abu biyu ke nan masu hali dabam. Kabon 5 na ba da iri 3, kabon 10 na ba da 75, kabon 20 kuwa 366,319. Kun ga inda miliyoyin nan suka fito.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin rumbu. Sitacin da ke cikin acca da dawa da doya doguwar sarƙa ce ta sukarin da a ke kira gulukos, C6H12O6. Karan dawa da auduga da takardar nan da ku ke karantawa, abin da ya gina su sunansa selulos, shi ma sarƙar gulukos ce. Bambancin a wurin ƙulli ya ke: a cikin selulos kowane gulukos na biyu a kife ya ke. Yawunmu da hanjinmu sun iya kwance ƙullin sitaci, ba su iya kwance na selulos ba. Shi ya sa mu ke cin ƙwayar mu bar wa shanu karan, su ma ɗin wasu ƙananan halittu da ke cikin tumbinsu ne ke yi musu aikin.

Wani lokaci kuma kabon biyu su kan kama juna da hannu bibbiyu. Wannan riƙon biyu shi ya raba man kaɗanya da man gyaɗa. A cikin man kaɗanya akwai wata sarƙa mai yawa da a ke kira sitiyarik, mai kabon 18, miƙaƙƙiya sak, ba ta narkewa sai a digiri 69. A cikin man gyaɗa wadda ta fi yawa ita ce oliyik, ita ma kabon 18, amma da riƙon biyu a tsakiya wanda ya tanƙwara ta, sai ta ke narkewa tun a wajen digiri 14. Miƙaƙƙun kara su kan ɗauru tsam a dami, karkatattun itatuwa kuwa ba sa haɗa jiki. Don haka ɗaya ya ke daskarewa a kwano, ɗaya ya ke zuba daga kwalba.

Har wa yau sarƙa tana iya komowa ta kama wutsiyarta ta zama zobe. Zoben da ya fi shahara shi ne mai kabon shida, wanda Kekulé ya bayyana siffarsa a 1865. Ku riƙe shi, za mu same shi a cikin citta.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Sarƙar kabon da haidirojin zalla ba ta da wani aiki mai yawa sai ƙonewa. Amma in aka maƙala mata wani ɗan ƙunshi mai oksijin, sai halinta ya sake sarai, kuma da waɗannan ƙunsoshi a ke raba sinadarai dangi dangi. Mai ɗauke da OH yana cikin dangin alkohol. Mai ɗauke da COOH yana cikin dangin masu tsami, kuma kun sha ɗanɗana su: na cikin nono kabonsa 3, na cikin tsamiya 4, na cikin lemun tsami 6.

A dangin alkohol akwai wa da ƙane waɗanda dole ku bambance. Etanol, C2H5OH, kabonsa biyu. Shi ne a ke samu in yis ya ci sukarin tsiron dawa, kamar a burkutu, kuma shi ne ke bugarwa. Metanol, CH3OH, kabonsa ɗaya. Kalarsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya. Amma hanta, in ta sami etanol, ta kan bi da shi har ya zama tsamin nan mai kabon biyu na ruwan khal, wanda jiki ke iya ƙonewa. In ta bi da metanol ta wannan hanya, sai ya zama tsamin fomik, irin wanda ke cikin dafin waɗansu tururuwa, shi kuwa jijiyar ido ya ke fara ci. Metanol zalla cikin ƙaramin cokalin shayi biyu ya isa ya makantar da babban mutum, kaɗan fiye da haka ya kashe. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, da kuma a Jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro mai metanol a ciki. Sifirit ɗin da mu ke zuba wa fitilar ɗakin gwaji sau da yawa da metanol a cikinsa, don haka a kulle shi, a rubuta masa GUBA da manyan baƙaƙe.

Akwai waɗansu wa da ƙanen kuma, ko da ya ke masana ba sa lissafa su cikin oganik. In gawayi ya ci da isasshiyar iska, kowane kabon ya kan sami oksijin biyu, CO2. In iska ta yi ƙaranci sai ya sami ɗaya tak, CO. Wannan ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jan sinadarin jini da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum ya kan ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Lokacin hunturu, da a ke shiga da kaskon gawayi ɗaki a toshe taga, ko a jawo janareto zaure don tsoron ɓarawo, shi ne lokacinsa. Ƙwayar oksijin ɗaya ce tsakanin jin ɗumi da makoki.

TO, CITTAR FA?

Yanzu muna da kayan aikin da za mu amsa tambayarmu. Abin da ke ba ɗanyar citta yaji sunansa jinjarol, C17H26O4. Siffarsa zoben nan ne mai kabon shida, da doguwar wutsiya, a tsakiyar wutsiyar kuma akwai OH.

In aka tsaga citta aka shanya ta a kan fa cikin zafin rana, ban da ruwan jikinta da ke tashi, wani sashe na jinjarol ɗin shi ma ya kan yi hasarar nasa ruwan. OH ɗin nan ya kan ɗauki haidirojin ɗaya daga kabon na kusa, su fice tare a matsayin H2O, kabon biyun da aka bari da hannu a sake su kama juna riƙon biyu. Abin da ya saura shi ne shogawol, C17H24O3, wanda yajinsa ya kai kamar ninki biyu na jinjarol. Dalilin zafin busasshiyar citta ke nan.

In kuwa aka daɗe ana dafa ta, wutsiyar tana iya tsinkewa a daidai wurin nan, guntu mai kabon shida ya tafi. Abin da ya saura shi ne zinjaron, C11H14O3, mai sauƙin yaji da ƙamshi mai zaƙi zaƙi. Wani masani na Japan, Hiroshi Nomura, shi ya fara ware shi a 1917. Zoben da ke jikin waɗannan uku irinsa ne ke jikin sinadarin da ke ba barkono zafi. Dukansu kuwa sun fi narkewa a mai bisa ga ruwa saboda sarƙar kabon da ke jikinsu, shi ya sa kurɓin nono ya fi kofin ruwa kashe yaji a baki.

Ƙamshin citta kuma dabam ya ke da yajinta. Yana fitowa daga wani mai mai saurin tashi, wanda babban abin da ke cikinsa shi ne zinjibarin, C15H24, kabon da haidirojin zalla. Tun da ya ke tashi ya ke yi, cittar da aka daka aka bari a buɗe, ko aka ajiye a wuri mai zafi, ƙamshinta ya kan bi iska, masu saye kuwa yaji da man nan su ke biya. Tun daga cutar da ta afka wa gonakin citta na kudancin Kaduna a daminar 2023, kowa ya ƙara sanin darajar buhu guda. Malamin da zai iya gaya wa ɗan manomi dalilin ajiye citta a tsage, a bushe, a inuwa, ya biya kuɗin allinsa.

YADDA ZA KU KOYAR

Gani ya kori ji, kuma ba sai da kayan Turai ba. Ku sa yara su mulmula yumɓu: manya baƙaƙe su ne kabon, a huda musu rami huɗu, ƙanana farare haidirojin, rami ɗaya, jajaye oksijin, rami biyu. Tsinken tsintsiya shi ne hannu. Ku lura, hannuwan kabon ba a shimfiɗe su ke kamar yadda mu ke zana su a allo ba. Uku suna ƙasa a buɗe kamar duwatsun murhu, ɗaya yana kallon sama, tsakanin kowane biyu digiri 109 da rabi, kamar yadda van 't Hoff na Holan da Le Bel na Faransa suka nuna a 1874.

Sa'an nan ku yi gwaji uku, malami da hannunsa, yara na kallo. Ku ɗora sukari kaɗan a marfin gwangwani a kan wuta: tururin ruwa zai tashi, baƙin kabon ya saura. Ku riƙe farin faranti cikin harshen kyandir ya yi baƙi, sa'an nan ku kife busasshen kofin gilashi mai sanyi sama da harshen ku ga raɓa: shaida ke nan cewa kaki kabon ne da haidirojin. Ku ɗiga aidin a cikin kunu da kuma a kan auduga: kunu zai koma shuɗi mai duhu, auduga ba za ta koma ba, alhali kuwa dukansu sarƙar gulukos ne.

TAMBAYOYI

1. Miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon 8, ba riƙon biyu a cikinta, haidirojin nawa za ta ɗauka?
2. Da yumɓu da tsinke, gina iri ukun nan na C5H12, ka zana su.
3. Da kabon 2, haidirojin 6, oksijin 1, a kan gina abu biyu dabam. Ɗaya etanol ne. Gina ɗayan.
4. Ɗebe shogawol daga jinjarol, ƙwaya ƙwaya. Me ya saura? Ɗebe zinjaron daga jinjarol. Me ya saura?
5. Rubuta, da Hausa ko da harshen garinku, yadda za ka bayyana wa tsohuwar da ba ta yi makaranta ba dalilin da ya sa ba a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Wanda ya gama ya kawo mini amsarsa mu duba tare. Ta biyar ɗin ita na fi son gani, domin wanda ya iya ta shi ya fahimci darasin.